Jirgin Jamus Da Ya Kai Hari Chadi A 1942, Da Yadda Za Ka Ƙera Ƙaraminsa Da Karan Dawa

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da waɗanda suka fi son karatu a nutse.

An gama girbi, kara ya cika gonaki tun daga Dawakin Tofa har Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa. Wannan ne lokacin da yara suke zama a gindin bishiya da reza a hannu suna fere kara, wannan ya yi mota, wancan ya yi jirgi. Galibi abin da yaro yake ji daga manya shi ne "tashi ka bar wasan banza". To yau wannan wasan za mu ɗauka da muhimmanci. Za mu yi bayanin yadda ake ƙera ƙaramin jirgi bisa awo, wato wanda kowane sashe nasa ya yi daidai da na ainihin jirgin, sai dai an rage girmansa. Jirgin da muka zaɓa kuma na yaƙi ne, ƙirar Jamus, sunansa Heinkel He 111.

ME YA HAƊA MU DA JIRGIN JAMUS?

Na san wani zai ce, mu da muke ƙauye me ya kai mu ga jirgin Yaƙin Hitila? Bari mu ɗan koma baya.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Jirage uku ne na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Shekara goma sha biyar bayan haka, Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da Kano babban zango. A 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, tekun Bahar Rum ya zama hatsari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuma sojojinta da ke Masar suna buƙatar jiragen yaƙi. Sai aka fito da dabara: a zuba jiragen a manyan akwatuna gunduwa-gunduwa, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su tashi da su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce. An fara a watan Satumbar 1940, kuma jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Ka ga ke nan kakanninmu da suke noma a nan kewayen Kano sun sha ɗaga kai suna kallon su.

Ɗaya daga cikin zangunan hanyar shi ne Fort Lamy, garin da yau ake kira Injamena. Wani Bajamushe mai suna Theo Blaich, wanda ya taɓa yin gona a Kamaru kafin yaƙi, ya san amfanin wurin, ya kuma matsa wa manyansa har suka ba shi jirgi. A watan Janairun 1942, He 111 guda ɗaya tak ya taso daga Libiya, ya sha mai a wani fili cikin hamada, ya keto Sahara, ya zubar da bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy. Ma'ajiyar man jirage ta kama da wuta. A hanyar komawa man jirgin ya ƙare, suka sauka tilas cikin rairayi, suka yi kusan mako guda kafin wani jirgin Italiya ya hango su, aka kawo musu mai.

Daga Kano zuwa Injamena a miƙe kimanin kilomita 700 ne. Don haka wannan jirgi yana cikin tarihin yankinmu, ko da ba a koya mana shi a aji ba.

MENE NE AWO?

Nan ne bambancin yake tsakanin jirgin wasa da jirgin awo. Yaro yana yin jirgi da ido, fiffike ya yi tsawo ko ya gajarce, babu damuwa. Mai ƙira bisa awo kuwa sai ya zaɓi lamba ɗaya ya raba komai da ita. In ka ga an rubuta 1:72, ma'anarsa santimita ɗaya a jikin ƙaramin tana wakiltar santimita 72 a jikin babban.

Ainihin He 111, samfurin da aka fi yawan ƙerawa, faɗin fuka-fukansa daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 22.6 ne. Tsawonsa daga hanci zuwa jela mita 16.4. Inji biyu gare shi, yana ɗaukar mutum biyar. In ka raba da 72, faɗin zai dawo kusan santimita 31, tsawon kusan 23. Wannan ne awon da kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Revell suka fi amfani da shi a kayan roba da suke sayarwa cikin kwali, ka saya ka harhaɗa. Waɗannan da kuɗin waje ake sayen su, ba kuma a kasuwar ƙauye za ka gan su ba.

Mu da za mu yi da kara, shawarata a ɗauki 1:50. Dalili biyu ne. Na farko, ya fi girma, hannu zai samu wurin aiki. Na biyu, lissafinsa ko ɗan firamare zai iya: duk abin da yake mita ɗaya a babban jirgi, santimita biyu ne a naka. Ka ninka mitocin sau biyu kawai, ka kira su santimita. Faɗin fuka-fuki 22.6 ya zama santimita 45.2. Tsawo 16.4 ya zama santimita 32.8. Mutum mai tsayin mita 1.7 in ya tsaya kusa da jirginka zai zama santimita 3.4, bai kai ɗan yatsanka ba. Ka gane?

Kafin ka taɓa reza, nemi zanen jirgin na fuska uku: daga sama, daga gefe, daga gaba. Rubuta sunan jirgin a waya za ka samu. Kai shi shagon da ake buga takardu, a ƙara masa girma har faɗin fuka-fukan ya kai santimita 45 a rula. Takardar da aka saba bugawa tsawonta bai kai santimita 30 ba, don haka sai an buga a takardu da yawa ka manne su. In babu shago kusa, ja layuka a kan ƙaramin zanen su zama gida-gida, ka ja gidaje masu girma a kan kwali, ka kwafe gida bayan gida. Wannan zane shi ne alƙalinka, duk abin da ka fere ka ɗora shi a kai ka gani.

KAYAN AIKI

Karan dawa busasshe mai kauri, wanda ƙwaro bai huda ba. Dan Allah a nemi izini kafin a ɗiba, domin kara a wajenmu dukiya ne, da shi ake danni, da shi ake girki, dabbobi ma suna jiransa. Guda biyar ko shida sun isa.

Sai kwali mai tauri irin na taliya ko na sabulu, farin gam na kafinta, sufa gulu ɗan kaɗan, sabuwar reza, almakashi, samfefa mai kaushi da mai laushi, rula, fensir, tsofaffin takardun littafi, tsinken tsintsiya, ƙayar aduwa, siririyar waya, tsohon silifas, da farar gorar ruwa ta roba wadda ake ganin ciki. In kana kusa da kafinta, roƙi diddigar katako da ke zuba ƙarƙashin zarto.

Wanda ya samu reshen rimi busasshe ya dace ƙwarai. Katakon da masu wannan sana'a suke amfani da shi a duniya, wanda ake kira balsa, ɗan uwan rimi ne, dangi ɗaya suke, kuma dukkansu ba su da nauyi, suna bin wuƙa.

GANGAR JIKI

Ɓare bayan karan, ka ajiye ɓawon, zai yi amfani. Farar totuwar da ke ciki ita ce naman aikin. Guda ɗaya ba za ta kai kaurin jirgin ba, sai ka goge gefunan guda huɗu ko biyar su yi sumul, ka shafa gam, ka haɗa su, ka soke da ƙaya, ka ɗaure da zare su kwana.

Washegari ka yanko hoton gefen jirgin daga kwafin zanenka, ka manna a jikin dunƙulen, ka fere har ka zo kan layi. Ka yi haka da hoton sama. Yanzu kana da abu mai kusurwa huɗu, sai ka bi kusurwoyin da samfefa a hankali har ya zama kamar kifi, mai kauri a gaba, yana sirancewa zuwa jela. A nan ne mutane suke gaggawa. Abin da ka fere ya tafi, ba ya dawowa, don haka ɗan kaɗan-kaɗan, kana yi kana gwadawa da zane. Reza kuma a riƙa tura ta waje, nesa da yatsu. Ƙananan yara a bar musu aikin samfefa.

Kada ka fere hancin da totuwa har ƙarshe. Ka tsaya daidai inda gilashi ya fara, za mu zo kansa.

FUKA-FUKI

Kuskuren da ya fi yawa a jirgin kara shi ne fiffike shimfiɗaɗɗe kamar faifai. In ka yanka fiffiken jirgi na gaske ka kalli bakin yankan, za ka ga gabansa mai kauri ne a dunƙule, samansa ya yi doro, bayansa ya sirance kamar bakin wuƙa. Wannan siffa tare da ɗan karkacewar fiffiken ita take juya iska zuwa ƙasa, iska kuma ta tura jirgi sama.

Yadda za ka samu haka: yanko kwali a siffar fiffike, shi ne ƙasa. Ka manna siririn ɓawon kara a tsawonsa, kusan kashi ɗaya cikin uku daga gaba, shi ne ƙashin baya. Ka jera 'yan gutsattsarin totuwa a kai, ka goge su su yi doro, masu kauri kusa da jiki, sirara wajen ƙarshe. Sannan ka rufe da kwali mara kauri. Masu ƙera jirgin gaske ma haka suke yi, ƙashi da haƙarƙari da fata, sai dai nasu na ƙarfe ne.

Yanzu kalli zanen gaba. Za ka ga fuka-fukan ba a kwance suke ba, daga wajen injin sun ɗan ɗaga sama. Wannan ɗagawar ce take taimaka wa jirgi ya dawo daidai in iska ta karkata shi. Lokacin mannawa, sa akwatin ashana ko gutsuren kwali mai tsayi ɗaya ƙarƙashin kowane ƙarshe, ka bar shi ya bushe a haka. In ɗaya ya fi ɗaya ɗagawa, ko daga nesa ido zai kama.

Jela kwali biyu ne a manne, a goge bakinsu. Gidajen inji guda biyu kuwa ka fere su tare, lokaci ɗaya, kana jera su kana kwatantawa, domin tagwaye ne. Kowace farfela ganye uku gare ta, ɓawon kara ya fi dacewa da su, a ɗan murɗa kowane ganye. Tayoyi daga silifas, ƙafafu daga waya. Akwai manya biyu ƙarƙashin injina, da ƙarama ɗaya a jela.

HANCIN GILASHI

Abin da ake gane He 111 da shi tun daga nesa shi ne hancinsa. Gaba ɗaya gilashi ne, matuƙi da mai saita bam suna zaune kamar cikin kwalba. In hancin bai fito ba, jirgin bai fito ba.

Ga dabarar. Fere siffar hancin da katako, ba da totuwa ba, ka goge ta sosai. Yanko wani sashe na gorar ruwa, ka zura katakon ciki, ka cusa tsinke ta baya ya matse. Sai ka riƙa juya shi a saman garwashi, nesa kaɗan, ba cikin wuta ba. Irin wannan roba in ta ji zafi tsukewa take yi, za ta kama katakon ta ɗauki siffarsa. In ta huce ka yanke, ka zare. Da wuya na farko ya yi kyau, ka tanadi gora uku ko huɗu. A yi wannan a fili, kuma in roba ta fara hayaƙi ka matso da yawa, ja baya.

Wani sirri da masu lura kaɗai suke kamawa: ƙwallon bindigar da ke ƙarshen hancin ba a tsakiya yake ba, an ɗan gusar da shi dama don kada ya tare wa matuƙi gani. Ka duba zanen sama za ka gani. Kada kuma ka manta da ɗan kwale-kwalen da ke ƙarƙashin ciki, inda mai bindiga yake kwanciya, da wurin bindigar sama a gadon baya.

Kada ka manna gilashin da sufa gulu, tururinsa yana sa roba ta yi fari kamar hazo. Farin gam ya fi, in ya bushe ba a ganinsa.

FATA DA CIKE RAMUKA

Totuwa tana shan fenti kamar soso, kuma farce ma yana lotsa ta. Sai an yi mata fata. Tsinka gam da ruwa kaɗan, yayyaga takarda sirara, ka tsoma ka shimfiɗa a jiki, layi biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Kada a yi da koko ko sitaci, gara da ɓera za su yi biki da aikinka.

Inda fiffike ya haɗu da jiki za a ga rami. Kwaɓa diddigar katako da gam ta zama kamar fotin da masu gyaran jikin mota suke shafawa, ka cike, ta bushe, ka goge. Rufe ido ka shafa da yatsa. Duk inda yatsa ya ji tudu, fenti zai tona shi.

FENTI

To, mun zo inda aiki yake kyau ko ya lalace.

Jamusawa ba da ka suke shafa launi ba. Ma'aikatar jiragensu ta ba kowane launi lamba. Jiragen bam da suka yi aiki a Turai an yi musu kore iri biyu a sama, mai duhu sosai lamba 70 da mai ɗan haske lamba 71, a yanka-yanka masu miƙaƙƙen baki kamar fasasshen gilashi, cikinsu kuma shuɗi mai haske lamba 65. Da yaƙi ya koma Arewacin Afirka sai aka fito da ruwan yashi lamba 79 a sama, da wani shuɗin lamba 78 a ƙasa. Hikimar a fili take: wanda ya leƙo daga sama ya ga ƙasa, wanda ya ɗaga kai daga ƙasa ya ga sararin sama. Jiragen da suka yi aiki a yankin Bahar Rum kuma ana zagaya musu farin ɗamara a jiki kusa da jela.

Ga mai farawa, na hamada ya fi sauƙi, launi biyu ne kawai, kuma shi ya fi kusa da labarinmu. Ruwan yashi: fari da rawaya, a ɗiga ja kaɗan da ɗigon baƙi. Ba sai ka je nesa neman abin kwatance ba, ɗebo yashin jigawa busasshe ka ajiye kusa da abin da kake kwaɓawa. Shuɗin ciki: fari mai yawa, shuɗi kaɗan, ɗigon baƙi. Ka kwaɓa wanda zai ishe ka gaba ɗaya, domin da wuya ka sake dacewa da launin a karo na biyu. Ka gwada a kan kwali ya bushe tukuna, fenti yana sauya fuska in ya bushe. Ƙaramin abu kuma yana fin babba duhu a ido, shi ya sa ake ɗan ƙara fari.

Ba sai ka sayi galan ba. Masu rubuta allon talla da masu fentin mota suna da ragowa, murfin kwalba biyu ko uku ya ishe ka. Fentin ruwa ya fi sauƙin sarrafawa, ba ya wari. In na mai ka samu, a tsinka shi, a yi aikin a waje inda iska take kaɗawa, nesa da murhu da ƙananan yara.

Tsarin shafawa kuwa haka yake. Rufe gilashi da salatif ɗin takarda. Shafa ruwan toka a jiki duka, shi ne shimfiɗa, shi zai nuna maka sauran ramukan da suka ɓuya. Sai launi mai haske kafin mai duhu, wato shuɗin ciki tukuna. In ya bushe sarai, ka manna salatif a kan iyaka, ka shafa ruwan yashi. Shafa uku sirara sun fi ɗaya mai kauri, mai kauri yana zuba, yana cike duk ƙananan siffofin da ka sha wahala a kansu. Buroshi ya riƙa tafiya gefe ɗaya, daga gaba zuwa baya.

Babban abokin gabarka a wannan lokaci shi ne ƙurar hunturu. Yi fenti da safe kafin iska ta tashi, yayyafa ruwa a ƙasa, kana gamawa ka kife babbar roba a kai, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da dutse don iska ta shiga.

Layukan ƙarfen da ke riƙe gilashi kuwa, shafa wa salatif fenti, ka yanka shi sirara kamar zare, ka manna. Ya fi ƙoƙarin ja da buroshi.

Na ƙarshe shi ne tsufa. Jirgin da ya yi aiki a hamada ba ya sheƙi. Goga bakin fensir a samfefa, ka ɗebi garin da auduga ka ja shi daga bututun hayaƙin inji zuwa baya a kan fiffike. Ja layukan haɗin ƙarfe da fensir mai tsini. Shafa ƙurar ƙasa a tayoyi. Kaɗan ake so, in ya yi yawa sai ya koma kamar abin da aka tsinto a bola.

MAGANAR ALAMA

Jama'a, a nan ina so mu nutsu. Jiragen Jamus na lokacin suna da alama iri biyu. Akwai baƙar alama mai rassa huɗu da farin baki a fuka-fuki da gefen jiki, ita ce ta sojan ƙasar. Akwai kuma ta jela, suwastika, alamar jam'iyyar Nazi ta Hitila. Shawarata ita ce a bar ta jelar. A Jamus ɗin kanta doka ta hana nuna ta a bainar jama'a in ba don ilimi, bincike ko makamancinsu ba, shi ya sa kwalayen da ake sayarwa a can ba sa zuwa da ita.

Ina faɗin haka ne saboda akan ga matasanmu suna ɗora hoton Hitila a waya, suna kiransa namijin duniya. Ɗan uwa, ka san me yake cewa game da kai? A littafinsa ya rubuta baƙar fata a matsayin ƙasƙantattun halittu. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yara Jamusawa masu jinin Afirka tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A watan Yunin 1940, da sojojin Jamus suka ci Faransa, sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama daga cikin Turawa suka harbe su, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da birnin Lyon. Gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa miliyan shida, da ɗimbin 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu. Shi kansa wannan jirgi da muke ƙerawa, shi ya ragargaza Rotterdam a watan Mayun 1940, ya yi ruwan wuta a Landan da Warso, kuma kamfanin Heinkel ya yi amfani da fursunonin sansanin azaba a masana'antarsa. Namu kakannin kuwa suna ɗaya ɓangaren: dubban 'yan Arewa aka ɗiba soja, suka yaƙi Italiya a Habasha, suka yaƙi Japan a Bama, wasu aka kai su haƙar kuza a Jos ala tilas.

Don haka mu ƙera jirgin don mu san yadda aka yi shi da abin da ya aikata. Ka rubuta ɗan allo ka ajiye a gabansa: sunansa, awonsa, da labarin Fort Lamy. Duk wanda ya zo kallo ya tafi da tarihi.

INA AMFANIN DUK WANNAN?

Ƙananan jiragen awo ba yau suka fara aiki ba. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban sakandare su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 da katako bisa awon 1:72, na abokai da na abokan gaba, don a koya wa sojoji gane jirgi daga nesa kafin su yi harbi. Wilbur da Orville Wright, kafin su tashi a 1903, sai da suka gwada ƙananan fuka-fuki kusan 200 cikin wani akwatin iska da suka haɗa da hannunsu a 1901.

A nan gida, a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe. Sojan samanmu ma da aka kafa a 1964, Jamusawa ne suka fara horar da su. Shugabanninsu biyu na farko, Gerhard Kahtz da Wolfgang Thimmig, Jamusawa ne, na biyun ma matuƙin jirgin yaƙi ne a zamanin Hitila. A shekarar ce kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya.

Yaron da ya gama jirgi ɗaya bisa awo ya yi rabawa da ninkawa, ya karanta zanen fuska uku, ya koyi auna abu kafin yankawa, ya haɗa launi, ya kuma koyi jira. Da waɗannan ake fara zanen injiniya, da su kafinta da magini da mai walda suke cin abinci. Makarantunmu da yawa na karkara ba su da ɗakin gwaje-gwaje, amma babu wadda ba ta da kara a bayan aji. Malamin lissafi zai iya koyar da darasin awo da jirgi ɗaya, yara ba za su manta ba. Ga Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa, ga Kwalejin Ilimi ta Fasaha a Bichi, duk a ƙofar gidanmu suke, irin waɗannan yaran suke jira. 'Yan mata ma a ba su reza da rula, hannun da yake zana lalle ba zai gaza layin fenti ba.

Abu ɗaya na ƙarshe: wannan jirgin ajiya ne, ba ya tashi. Mai son sa wa nasa inji da na'urar sarrafawa daga nesa ya sani cewa tashi da jirgi mara matuƙi a Najeriya yana buƙatar izinin hukuma, kada sha'awa ta jawo wa mutum tsare.

Iyaye da yayye, in kun ga yaro yana fere kara bana, ku saya masa rula, ku tambaye shi awon da yake bi. Wanda ya gwada kuma ya turo mana hoton jirginsa da rula a gefe, mu ga ko fiffiken ya kai 45.2.

A tura wa malamin makaranta ko ƙanen da ya dace. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.